Harshen Talla da Zuciyar Mai Saye: Nazari Daga Unguwar Mpape

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aikin da ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Da zaman gida ya ishe ni, sai na tattara na tafi Abuja wurin kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ke da shagon kayan masarufi a unguwar Mpape. Aikina shi ne tsare shago idan ya tafi sari. Duk wanda ya taɓa zaman shago ya san rabin yininsa a sauraro yake ƙarewa: ga rediyo a kan kanta, ga motocin masu magani suna wucewa da lasifika, ga yara 'yan talla suna kai da kawowa, ga kuma matasa masu rarraba takardun tallar filaye. Da yake muna tsakiyar darasin salo da sarrafa harshe aka rufe makaranta, sai na sayi ɗan littafi na riƙa rubuta abin da kunnena ya ji.

Abin da na fara lura da shi shi ne, mai talla bai cika ɓata lokaci wajen bayanin hajarsa ba. Yawancin maganarsa a kan mai saye take, wato abin da yake tsoro, da abin da yake jin kunya, da abin da yake buri. Wannan maƙala za ta duba yadda talla ke bi ta zuciya ta kai ga aljihu, da irin dabarun harshen da ake amfani da su wajen yin hakan. Dalilina na zaɓen wannan batu biyu ne. Na farko, na ga abin da talla ta jawo wa kawuna, kuma da hannuna a ciki. Na biyu, mu ɗaliban Hausa mu ne gobe za a kira mu rubuta talla ko mu fassara ta a gidajen rediyo da kamfanoni, don haka ya kamata mu san kaifin wuƙar da za a danƙa mana.

2.0 Ma'anar Talla da Asalinta

Talla ita ce shelanta wata haja ko wata hidima ga jama'a da nufin jawo hankalinsu su saya. Ba baƙuwar aba ba ce a wurin Bahaushe. Tun kafin zuwan Turawa akwai yara masu yawo da fura ko ƙosai suna kira da murya mai rauji, akwai dillaliya mai shiga gidajen aure tana koɗa atamfa da sarƙa, akwai 'yan koli masu baza haja a kasuwa, akwai kuma mai maganin gargajiya da Bahaushe ya yi wa kirari da "magori wasa kanka da kanka". Wannan kirari kaɗai ya isa ya nuna mana cewa kakanninmu sun san mai talla yabon kansa yake yi, kuma sun san a saurare shi da kunne ɗaya.

Tallar zamani kuwa ta shigo ne tare da jarida da rediyo. An fara buga jaridar Iwe Irohin a Abekuta a 1859, a 1928 kuma aka kafa kamfanin talla na West African Publicity, wanda daga baya ya zama Lintas. A Arewa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, da gidan rediyon Kaduna da ya fara aiki a 1962, su suka buɗe wa talla da harshen Hausa babbar ƙofa. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya kuma Facebook da WhatsApp da TikTok suka mayar da duk mai waya ɗan talla.

Fiye da shekara 2,000 da suka wuce, masanin nan na ƙasar Girka, Aristotal, ya kasa hanyoyin shawo kan mai sauraro gida uku: mutuncin mai magana, da hujjar da ya kawo, da motsa zuciyar mai sauraro. Ta ukun ita ce abin nazarinmu. Shi ma Bahaushe ya bambanta hankali da zuciya a maganarsa ta yau da kullum. Yakan ce "na yi amfani da hankali", yakan kuma ce "zuciya ta ɗebe ni". Idan ya ga abu ya so shi sai ya ce "raina ya biya". Mai talla ya san in dai rai ya biya, aljihu ma zai biya.

3.0 Mpape a Taƙaice

Kafin a fahimci tallar da ake yi a wuri, sai an san damuwar mutanen wurin. Mpape tana cikin ƙaramar hukumar Bwari, a kan duwatsun da ke kallon unguwar Maitama. Asalinta ƙauyen Gbagyi ne. Bayan da aka kafa dokar mayar da babban birnin tarayya Abuja a 1976, kamfanonin gine-gine suka buɗe wuraren fasa dutse a yankin, shi ya sa har yau wasu titunan unguwar ke amsa sunayen waɗannan kamfanoni. Leburori da direbobin tifa da ƙananan ma'aikata da 'yan ci-rani daga sassa daban-daban na ƙasar nan suka cika wurin, domin haya ta fi sauƙi kuma cikin gari ba nisa. Rushe-rushen da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007 sun ƙara tura jama'a zuwa unguwannin gefen birni irin wannan.

A 2012 hukumar babban birnin tarayya ta bayyana shirin rushe Mpape. Mazauna unguwar suka garzaya kotu, aka yi ta shari'a har zuwa Fabrairun 2017, lokacin da babbar kotun Abuja ta yanke hukuncin da ya hana rusau ɗin. A Satumbar 2018 kuma ƙasa ta yi motsi a unguwar har mutane suka firgita suka fito daga gidajensu. Ke nan mutumin Mpape ya yi shekara biyar yana kwana bai san ko gobe katafila za ta zo ba, ga ƙurar dutse da aikin ƙarfi suna cin jikinsa, ga danginsa suna nesa, ga kuma fitilun Maitama yana hangowa kullum dare. Waɗannan su ne ƙofofin da mai talla yake ƙwanƙwasawa.

4.0 Ƙofofin da Talla ke Bi ta Shiga Zuciya

4.1 Tsoro

Tsoro shi ne ƙofar da ta fi saurin buɗewa. Ga irin kalaman da ke cikin takardun tallar filaye da ake rabawa a bakin titi:

"Maigida, har yaushe za ka ci gaba da zama a gidan haya? In aka ce ka tashi gobe, ina za ka kai iyalinka? Mallaki naka, ka yi barci har da minshari. Filaye kaɗan suka rage."

Idan muka duba da kyau, a cikin jimlolin nan huɗu babu wadda ta faɗi girman fili, ko irin takardarsa, ko akwai hanya da ruwa a wurin. Jimla ta farko da ta biyu tambayoyi ne da ke tayar da hankali. Ta uku ta kwantar da hankalin da aka tayar. Ta huɗu ta hana mutum lokacin yin shawara. Wanda ke zaune a gidan gado a Katsina zai karanta ya wuce, amma ga wanda ya taɓa ganin an shafa wa bangon maƙwabcinsa jan fenti, wannan fami ne aka yi masa.

Haka masu magani a mota suke yi. Mai lasifika zai fara da jero alamomi: ciwon baya, kasala, jiri, kumburin ciki, yawan mafarki, rashin cin abinci. Wane lebura ne zai yini yana loda tsakuwa a tifa bai ji ciwon baya da kasala ba? Da zarar kowa ya ji an taɓo nasa, sai mai magani ya tattara alamomin duka ya ba su suna ɗaya, ko basir ko sanyi, sannan ya ce wanda ya bari abin ya daɗe a jikinsa, to sai dai wani ba shi ba. Daga nan sai ya ɗaga kwalba. Wannan dabara ba a ƙasar Hausa kaɗai ake yin ta ba. A shekarun 1920 masu maganin kurkure baki na Listerine a Amurka sun cika jaridu da labarin 'yan matan da suka rasa mijin aure saboda warin baki, kuma cinikinsu ya haɓaka ƙwarai.

4.2 Kunya da Kishi

Kunya babbar aba ce a tarbiyyar Bahaushe, shi ya sa take da riba a wurin mai talla. Mai sayar da maganin maza ba ya bayanin abin da ya haɗa. Abin da yake nanatawa shi ne raini, wato yadda magidanci zai zubar da girmansa a cikin gidansa. Ya san mai irin wannan matsala zai ji nauyin zuwa asibiti ya yi wa likita bayani, amma ba zai ji nauyin aiken yaro da kuɗi zuwa bayan mota ba. A nan kunyar ce take kawo ciniki, ita ce kuma take rufe bakin mai saye idan magani bai yi ba, domin babu wanda zai fito ya ce an cuce shi a kan wannan.

A ɓangaren mata kuwa kishi ake sosawa. Masu tallar man shafawa da kayan mata a WhatsApp sukan ce: "Uwargida, kada ki bari amarya ta sha gabanki", ko kuma "Ki gyara kafin a yi miki kishiya". Saƙon da ke ƙarƙashi shi ne, zaman lafiyar aurenki ya rataya a kan launin fatarki. Illar wannan ba ƙarama ba ce. Wani rahoto da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ya nuna kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da mayukan sauya launin fata, kuma wasu daga cikin mayukan na ɗauke da sinadarai masu lahani ga fata da ƙoda. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa.

4.3 Buri da Kwaɗayi

Wanda ke hangen Maitama daga kan dutse ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan jin daɗi. Don haka allunan tallar rukunin gidaje sukan nuna hoton gida mai bene da shuke-shuke da mota a ƙofa, alhali abin da ke wurin a zahiri fili ne da ciyawa. Abin da ake sayarwa shi ne matsayi, wato a ce wane ma ya zama mai gida a Abuja.

Wani misali mai ban sha'awa shi ne tsohon ramin fasa dutse na Crushed Rock da ke Mpape, wanda ruwa ya taru a cikinsa bayan an daina aiki. Shekara da shekaru wurin yana nan babu mai kula shi. A 2020 hotunansa suka bazu a intanet, sai ga jama'a suna tururuwa daga cikin gari, masu abinci da masu ɗaukar hoto suka samu kasuwa. Babu abin da ya sauya a jikin dutsen ko ruwan. Kowa dai yana son a ga hotonsa a inda aka ga na wasu. Wannan ya nuna mana cewa son kada a bar mutum a baya shi ma abin sayarwa ne.

Idan buri ya wuce gona da iri sai ya zama kwaɗayi, Bahaushe kuwa ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Tsarin zuba kuɗi na MMM da ya tsaya cik a Disambar 2016, da na CBEX da ya rushe a Afrilun 2025, duk ba su yi wa jama'a gamsasshen bayanin inda ribar ke fitowa ba. Abin da aka yi ta yaɗawa shi ne hotunan waɗanda aka ce sun samu, sun sayi mota, sun yi aure.

4.4 Ƙauna da Kewar Gida

Ba kullum talla ke tsoratarwa ba, wani lokaci lallashi take yi. Tallar sinadarin ɗanɗanon miya ba ta tsayawa a kan abin da aka haɗa shi da shi, sai dai ta nuna maigida ya ci tuwo ya yi murmushi, yara suna neman ƙari, uwar miji tana sa albarka. Matar da ke kallo yabon nan take sha'awa. Su kuma kamfanonin waya da na aika kuɗi sun san birane irin Abuja cike suke da waɗanda suka baro iyayensu a ƙauye, shi ya sa tallarsu ba ta rabuwa da tsohuwa mai riƙe da waya tana dariya. Na sha ganin ɗan acaɓa ya tsaya a shagon kawu ya sayi kati, ya koma gefe ya kira gida, ba don yana da wani labari ba, sai don ya ji muryar mahaifiyarsa.

Sai dai wannan ƙofa tana da santsi. A shekarun 2000 kamfanin MTN ya yi wata talla da ta nuna wani mutum ya kira mahaifiyarsa a ƙauye yana yi mata albishir an haifa masa ɗa namiji, gari ya ɗauki murna. Masu kare haƙƙin mata suka yi ƙorafin cewa tallar na fifita ɗa namiji a kan 'ya mace, daga baya aka janye ta. Darasin da ke nan ga mai rubuta talla shi ne, abin da ya faranta ran wani yana iya sosa ran wani.

4.5 Rigar Addini

Mai talla a ƙasar Hausa yakan buɗe da sallama da addu'a, ya rufe da rantsuwa. Yin sallama da addu'a ɗabi'a ce mai kyau, amma akwai masu fakewa da su. Idan mai magani ya ce "da yardar Allah ka rabu da shi ke nan", ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ya sa mai saye ya ɗauke shi mutumin kirki, ya kuma shirya wa kansa mafita, domin in magani bai yi ba sai a ce Allah bai nufa ba. Malamai sun daɗe suna jan kunnen 'yan kasuwa a kan yawan rantsuwa a ciniki, cewa tana iya sa haja ta shige amma tana tafiya da albarkar cinikin.

5.0 Dabarun Harshe a Cikin Talla

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi shafar mu ɗaliban harshe. Ga kaɗan daga cikin abin da na tsinta a littafina.

(a) Kalmomin dangantaka da girmamawa. Mai talla ba ya cewa "jama'a" in yana da halin cewa "Maigida", "Uwargida", "Hajiya", "Baba", "ɗan'uwa". Da kalma ɗaya ya mayar da kansa ɗan gida, kuma musa wa ɗan gida ya fi musa wa baƙo wuya.

(b) Wakilin suna na mutum na biyu tilo. "Ka", "ki", "naka", "naki" sun fi "ku" yawa a talla, ko da yake dubban mutane ake yi wa magana. Kowane mai sauraro sai ya ji kamar shi kaɗai ake nufi.

(c) Tambayar da ba ta neman amsa. "Har yaushe?", "Me kake jira?", "Kina son mijinki ya duba waje?" An gina tambayar ne yadda amsa ɗaya kawai za ta karɓa. Mai sauraro ya ba da ita a zuciyarsa, daga nan ya ɗauka shi ya yanke shawara da kansa.

(d) Umurni. "Hanzarta", "garzaya", "mallaki", "gwada". Yawancinsu aikatau ne masu ɗauke da ma'anar sauri, kuma sukan zo tare da wa'adi, kamar "kafin ƙarshen wata".

(e) Shuɗaɗɗen lokaci a wurin alkawari. Maimakon a ce "za ka warke", sai a ce "sha ɗaya, ka warke", ko "kin huta", ko "kun rabu da sauro". Abin da bai faru ba an sa masa rigar abin da ya riga ya faru, don a kawar da shakka.

(f) Wakilin suna "an". "An gwada, an tabbatar." Wa ya gwada? A ina? Wannan ƙaramar kalma tana ba mai talla damar kafa hujja da shaidar da ba shi da suna.

(g) Kwatanci marar abokin gwami. "Ya fi ƙarfi", "ya fi araha". Aikatau "fi" yana bukatar abin da aka fi, amma sai a bar gurbin a buɗe, mai sauraro ya cike da kansa.

(h) Amsa-kama. "Fari fes", "wanki tas", "fata sumul", "lafiya garau". Waɗannan kalmomi suna zana hoto a zuciya, amma ba a iya auna su, don haka ba a iya kama mai talla da ƙarya a kansu.

(i) Ingausa. Masu tallar gidaje da kayan kwalliya sukan tsarma kalmomin Ingilishi ko da akwai na Hausa, don haja ta yi ƙamshin wayewa. Mai maganin gargajiya kuma yakan yi akasin haka, ya nemo tsohuwar Hausa da karin magana don a ji cewa abin nasa na gado ne.

6.0 Abin da Ya Faru da Kawu

Kawuna yana cikin waɗanda suka ga tashin hankalin 2012. Ya taɓa gaya mini cewa a lokacin sai da ya mayar da iyalinsa gida na wasu watanni, ya rage kayan shago don kada a rushe da su. Wata ranar Asabar wasu matasa masu tsabtar tufafi suka zo shagon da takardar tallar filaye a wani wuri da suka ce bayan gari ne kaɗan. Suka gaishe shi da ladabi, suna "Baba" suna "Alhaji", alhali bai taɓa zuwa Makka ba. Bayan tafiyarsu ya miƙo mini takardar ya ce, "Ɗana, kai da kake jami'a, duba mini wannan."

Na karanta. Hausar ta yi daɗi, babu kuskuren rubutu, ga karin magana an sa a inda ya dace. Na ce masa, "Kawu, ai waɗannan da ganinsu sun san abin da suke yi." Abin da na auna shi ne kyan harshe, ban tambayi lambar fili ba, ban tambayi wanda ya ba su shi ba. A makon ya ɗauki adashinsa ya kai musu kafin alƙalami, aka ba shi rasit mai tambari.

Sai daga baya wani abokin cinikinsa, ma'aikacin gwamnati, ya yi masa bayanin cewa a dokar babban birnin tarayya ƙasar Abuja duka tana hannun Gwamnatin Tarayya ne, kuma ministan Abuja ke da ikon ba da fili, sannan akwai ofishin AGIS inda ake zuwa a bincika sahihancin takarda kafin a biya ko kwabo. Da aka bincika, babu sunan mutanen nan a kan filin. Da muka je inda suka ce ofishinsu yake, muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Kawu bai yi mini faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ba laifinka ba ne, ni ne na gaji da haya." Wannan magana ta fi faɗa zafi a wurina, kuma ita ce ta fahimtar da ni cewa ba takardar ce ta sa masa tsoro ba. Tsoron yana nan tun 2012, takardar ta zo ta same shi ne kawai.

7.0 Shin Motsa Zuciya Laifi Ne?

Amsa ita ce a'a. Ɗan Adam ba dutse ba ne, kuma babu mai magana da zai shawo kan jama'a da lissafi tsura. Lokacin yaƙi da cutar shan inna, saƙonnin da aka yi ta watsawa da Hausa, tare da sarakuna da malamai, ƙaunar iyaye ga 'ya'yansu suka taɓo, kuma a Agustan 2020 aka tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar daga Nijeriya da Afirka baki ɗaya. A nan an motsa zuciya, amma akwai gaskiya a bayan maganar. Inda laifi yake shi ne a motsa zuciya don a rufe ido, a hana mutum tambayar da ya kamata ya yi.

Akwai dokoki a kan haka. An kafa hukumar APCON a 1988 don kula da sana'ar talla, a 2022 aka maye gurbinta da ARCON, wadda ke da alhakin tantance talla kafin a watsa ta. NAFDAC, da aka kafa a 1993, ita ke kula da tallar abinci da magunguna. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 kuma ta hana tallar sigari. Sai dai hukuma ta fi iya sa ido a kan gidan rediyo da talabijin. Motar da ke yawo da lasifika a lungunan Mpape, da saƙon murya da ke zagaya WhatsApp, kafin a ji labarinsu sun gama ciniki sun ƙara gaba. Saboda haka babban mai tantancewa shi ne mai saye da kansa.

Ga wani ɗan aiki da nake ba 'yan'uwana ɗalibai shawarar su gwada. A samu talla ɗaya, a rubuta ta kalma da kalma. A soke kalmomin girmamawa, da tambayoyin da ba sa neman amsa, da amsa-kama, da rantsuwa, da duk wani wa'adi na gaggawa. Sannan a duba abin da ya rage: akwai sunan haja da abin da ta ƙunsa? Akwai farashi? Akwai lambar rajista ko adireshin da za a iya zuwa a bincika? Na yi wa takardar kawu wannan aiki bayan aikin gama ya gama, abin da ya rage lambar waya ce kawai.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa talla ba ta ƙirƙirar damuwa daga babu, tana neman wadda ke zuciyar mai sauraro ne ta ɗora hajarta a kai. An kawo misalai daga Mpape a kan tsoro da kunya da buri da ƙauna da addini, an kuma nuna yadda ƙananan abubuwa na nahawu, irin su wakilin suna da lokaci da amsa-kama, suke ɗaukar wannan nauyi. Fagen yana da faɗi, domin tallar 'yan siyasa da waƙoƙin talla da tallar da 'yan fim ke yi a shafukansu duk suna jiran masu nazari.

Kirana ga 'yan'uwa ɗalibai shi ne, takardar da ta cinye adashin kawuna wani wanda ya iya Hausa ne ya rubuta ta, wataƙila ma ya zauna a aji irin namu. Idan aka kawo mana aikin talla, mu tambayi mai haja hujjarsa kafin mu ara masa bakinmu. Idan kuma iyayenmu suka miƙo mana takarda suka ce mu duba musu, mu tuna ba daɗin Hausar suke tambaya ba. Allah ya sa mu dace, amin.